Murjani a Damagaram: Wace Fitila Ce Za Ta Raya Shi Ba Ta Dafa Shi Ba?

Ɗan yayata ne ya aiko yaro shagona a Sabon Gari, wai in na tashi daga aiki in biyo ta Zango, akwai abin da ya ɗaure masa kai. Sana'ata haɗa wutar gida ce da ta sola, saboda haka na ɗauka batirinsa ne ya daina riƙe caji. Na jefa mita a jaka na hau babur. Da na shiga ɗakin sai na same shi tsugune gaban wani akwatin gilashi da tsawonsa bai wuce santimita 60 ba, ruwa a ciki garau, ga fararen duwatsu masu huji-huji, ga kifi biyu ruwan goro masu ratsin fari suna kai da komo. A sama an rataya wata baƙar fitila mai kusurwa huɗu, tana zuba haske kamar ana walda.

"Kawu, don Allah ku duba min fitilar nan," ya ce. "Sati biyu ke nan da sa ta, kullum sai ƙara tsukewa suke yi. Wannan da ya zo kore shar, ga shi ya koɗe kamar tsohon zane."

Na ce su wa? Ya nuna mini wasu ƴan abubuwa manne a jikin dutse, sai ka ce maɓallan riga. Ashe murjani ne, mai rai. Wani abokin karatunsa da ke sayar da kifin ado a Legas ne ya ɗauro masa su a leda, suka biyo ta Kano, tare da buhun gishirin haɗa ruwan teku.

Na dube shi, na dubi akwatin. Garin da teku mafi kusa da shi take nisan kusan kilomita 1,000, garin da in famfo ya yi shiru sai an bi ƴan garuwa. Na ce, "Kai ɗan nan, Yaya ta san nawa ka zuba a cikin wannan kuwa?" Ya sosa ƙeya. To, kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Na gwada fitilar, lafiyarta lau. Sai da na yi makonni ina karatu da dare, ina dawowa ina aune-aune, kafin na gane ciwon: hasken ne ya yi musu yawa.

Murjanin da muka sani shi ne jan dutsen wuyan iyayenmu mata, wanda ake gada ana ɓoyewa a ƙasan adaka. Sunan daga Larabci ya zo, dutsen kuma na Bahar Rum ne, yana cikin kayan da ayari ya riƙa tsallako Sahara da su a zamanin da Damagaram ke zango a hanyar Tarabulus zuwa Kano. Wancan jan murjanin a wurare masu duhu yake girma, cikin kogon dutse da ƙarƙashin ruwa mai zurfi, ba ruwansa da rana. Wanda ake kiwo a akwatin gilashi danginsa ne na ruwa marar zurfi, irin wanda ya gina tudun murjanin gaɓar Ostireliya mai tsawon kilomita 2,300, da wanda ke jere a bakin Bahar Maliya daura da Jidda.

A ido tsiro yake kama, amma dabba ne. Yana da baki da ƴan hannuwa da yake cafke ƙananan halittun ruwa da su. Sai dai yawancin cimarsa ba ta baki take shiga ba. A cikin naman jikinsa akwai wasu mitsi-mitsin halittu dangin gansakuka, waɗanda ba a gani sai da madubin likita, masana na kiransu zuzanteli. Su ne manomansa. Da haske suke haɗa sukari, kamar yadda ganyen gero yake yi, su ci kaɗan su miƙa wa mai gida sauran, har a wasu nau'o'in abin da suke ba shi yakan kai kashi 90 cikin 100 na abincinsa. Shi kuma ya ba su masauki da taki daga abin da jikinsa ke fitarwa. Fitilar da ke saman akwati ita ce ranar wannan gona.

In haske ko zafi ya wuce kima, sai manoman su fara fitar da sinadaran da ke ƙona naman mai masaukinsu, shi kuma ya kore su. Da sun fita launi ya tafi, ya yi fari fat, in ba su dawo da wuri ba yunwa ta gama da shi. Haka ya faru a tekunan duniya a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 zuwa 2017, ya kuma sake ɓarkewa daga 2023. Ƙarin digiri ɗaya tak a kan zafin da ruwan ya saba kaiwa a bazara, in ya ɗauki makonni, ya isa. Abin da ya samu maɓallan ɗan yayata ke nan, a lita ɗari maimakon teku.

Kafin a yi maganar wace fitila, sai an san wane haske. Ruwa matacin haske ne. Ja ne ke fara ɓacewa, kafin a kai zurfin mita 10 kusan babu shi, sai ruwan goro ya bi, sai rawaya, sai kore. Shuɗi ne kaɗai ke nutsawa can ƙasa, kuma a kansa manoman nan suka ƙware. Ana auna launin haske da nanomita: ido yana gani daga 400 zuwa 700, shunayya tana wajen 410, shuɗi mai duhu irin na baban marina yana 450, kore yana 550, ja yana wajen 660. Abin da zuzanteli suka fi sha yana tsakanin 400 da 500. Idon ɗan Adam kuwa a 555 ya fi kaifi, wato tsakiyar kore. Mu da murjani ba haske ɗaya muke yabo ba.

A nan ne lambar lumen da ke jikin kwalin fitila take yaudarar mai saye. An gina ma'aunin lumen ne a kan abin da ido ke gani. Fitilar da ke zuba shuɗi zalla za ta nuna lumen kaɗan, a ido ta yi dishi-dishi, alhali tana ɗura wa murjani abinci fiye da ƙima. Kafin baƙar fitilar nan, ɗan yayata ya fara gwada farar fitila mai wat 50 da ya sayo a kasuwar Dole, irin wadda muke kafa wa masu shago a ƙofa. Ɗaki ya yi tar. Murjanin bai mutu ba, domin farar LED a asali shuɗiya ce aka shafa mata wani rawayan sinadari da ke mayar da wani kaso na shuɗin zuwa rawaya, haɗuwarsu ta ba da fari. Shuɗiyar ƙwayar nan ita ce ta sa aka bai wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. To, akwai shuɗi a cikin fitilar shago, sai dai bai isa ya fito da launin da ya sa aka sayi murjanin ba. Kore da ruwan goro masu walƙiya da ake gani a hotuna wasu sinadarai ne a jikin dabbar da ke shan shuɗi su mayar da shi wani launi. A ƙarƙashin farar fitila komai ruwan ƙasa ya koma, gansakuka kuma ta rufe gilashi cikin kwana goma.

Ma'aunin da masu kiwo ke aiki da shi sunansa PAR. Yana ƙirga yawan ƙwayoyin hasken da ke tsakanin 400 da 700 da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Rana tsaka a sararin Damagaram, in gari ya yi wasai, takan kai wajen 2,000. Murjani mai laushi, irin maɓallan nan da masu kama da laimar kwaɗi da masu kama da fata, tsakanin 50 da 150 ya ishe su. Masu ƙashin dutse da kaurin nama suna son kusan haka ko sama kaɗan. Masu rassa sirara kamar ƙaya ne ke neman 200 zuwa 350. A duba lissafin da kyau: abin da ke cikin akwatin ɗan yayata bai buƙaci ko kashi ɗaya cikin goma na ranarmu ba. Mu da muka tashi muna shanya tumatir da kilishi a rana, in aka ce abu da haske yake rayuwa, hannunmu sai ya murɗa maɓalli har ƙarshe. Shi ma haka ya yi, shuɗi ɗari bisa ɗari, fari ɗari bisa ɗari, awa goma sha biyu, fitila tana tazarar taƙi ɗaya da ruwa.

Fitilar tasa irin wadda masu kiwo ke wa laƙabi da baƙin akwati ce. A Sin ake ƙera su, suna fitowa da sunaye barkatai. Waɗanda suka yi suna akwai Viparspectra da Mars Aqua, tasa kuwa ba ta da wani sunan da aka sani. Siffarsu kusan ɗaya: akwatin ƙarfe mai tsawon wajen santimita 40, ƙwaya 55 a jere, fanka biyu a baya, maɓallin murɗawa biyu, ɗaya na shuɗi ɗaya na fari. A kwali an rubuta wat 165. Lissafin shi ne ƙwaya 55 sau wat 3. Da na sa mita a soket, wat ɗari da ƴan kai ta nuna, duka a buɗe. Ban kira wannan zamba ba, domin ƙwayar da ba a kai ta iyakar ƙarfinta ba ta fi daɗewa. Amma mai lissafin panno, wato allon sola, da batir ya san lambar kwali ba da ita zai yi aiki ba.

A ɗaya gefen akwai manyan fitilu, su Radion na kamfanin EcoTech, da Kessil, da AquaIllumination. Kuɗin babbar Radion guda zai saya maka baƙin akwati biyar ko fiye. Me ake biya? Hasken da ya gauraya sosai ya bazu daidai wa daida, da manhajar waya da ke sa fitila ta hudo sannu a hankali kamar alfijir ta faɗi kamar magariba, da launuka da yawa da ake sarrafa kowanne shi kaɗai, da garanti. Duk abubuwa ne masu kyau. Sai dai a tambayi kai, garantin nan wa za ka kai wa daga Zango? In ta lalace, sai a nemi mai tafiya. Baƙin akwati kuwa sukurdireba kawai yake so. Fankarsa irin ta kwamfuta ce, na'urar da ke juya masa wutar bango kowane mai gyaran talabijin zai gane ta, ƙwaya in ta ƙone a cire a liƙa wata da dalma. An ce araha ba ta ado, kuma lallai baƙin akwati ba ya ado, muni gare shi kamar tsohuwar rediyo. Amma zuzanteli ba su san farashi ba. Shuɗin 450 na fitilar araha da na mai tsada abinci ɗaya ne a wurinsu.

Aibobinsa dai a san su. Kowace ƙwaya tana da ɗan gilashin da ke tattara haskenta ya harba ƙasa, galibi a kusurwar digiri 90. Sakamakon haka tsakiyar akwati ta sha wuta, gefe ya zauna a inuwa, kuma wanda ya fi koɗewa cikin murjanin ɗan yayata shi ne wanda ya ɗora a ƙololuwar dutse, daidai ƙarƙashin cibiyar fitilar, don ya fi kyan gani. Sannan akwai ƴan ƙwayoyi ja da kore da ake sa wa a tsakani. Da yake hasken bai gama gauraya ba kafin ya isa ƙasa, sai ka ga ɗigo-ɗigon launuka suna rawa a kan yashi kamar fitilun gidan biki. Wasu kwalayen kuma sun rubuta UV, alhali ƙwayoyin na shunayya ne, 410 ko 420. UV na gaskiya ƙasa da 400 yake farawa. Babu asara a nan, shunayyar ma tana da amfani, kawai kada a ƙara kuɗi saboda haruffa biyu.

Gyaran da muka yi bai ci ko jika ɗaya ba. Muka ɗaga fitilar ta koma santimita 35 daga fuskar ruwa, domin nisa yana baza haske ya rage kaifin tsakiya. Muka mayar da shuɗi kashi 30, fari kashi 10, awa takwas a yini. Wanda ya koɗe muka sauko da shi ƙasa, gefen dutse inda inuwa take. Na je wurin wani mai gyaran talabijin da muke mutunci, na roƙi farar ledar nan mai hazo-hazo da ke bayan gilashin talabijin na bango in ya fashe, wadda aikinta dama baza haske ne. Muka yanka daidai fuskar fitilar, muka ɗaura ta da ɗan rata don kada ta sha zafi. Tana cin wani kaso na hasken, amma ɗigo-ɗigon nan suka ɓace. Daga nan kowane mako mukan ƙara shuɗi da kashi 5, ba ƙari. Yaron ya so ya yi gaggawa a mako na uku.

"Kawu, ai sun fara buɗewa, mu kai shi hamsin mana."

"Wanda ya tashi daga zazzaɓi da kunu ake fara masa, ba da tuwo ba. Bar shi."

Na'urar auna PAR ta kirki, irin ta kamfanin Apogee, ta ninka fitilar kanta tsada, ba kuma zancen aro a nan. Akwai manhajar waya mai auna haske da lus. A hasken rana, lus 100,000 yana daidai da PAR wajen 2,000, wato a raba da 50. Amma lus ƙanin lumen ne, da ido aka gina shi, saboda haka a ƙarƙashin shuɗiyar fitila lambar da zai bayar ta yi ƙasa da gaskiya sosai, wanda ya bi ta zai ƙara haske ya ƙona dabba. Inda na ga amfaninta shi ne kwatanta tsakiya da gefe, da kuma ajiye lambar yau a kwatanta da ta baɗi don a ga ko ƙwayoyin sun fara tsufa. Sauran aikin na ido ne. Murjanin da haske ya yi wa yawa yakan tsuke, ya manne da dutse, launinsa ya riƙa dusashewa daga sama. Wanda haske ya yi wa kaɗan yakan miƙa wuya, maɓallan su yi dogayen ƙafafu kamar shukar da ta tsiro a ɗaki, jikin ya yi duhun ruwan ƙasa domin ya tara ƙarin manoma. Kuskuren ƙarancin haske yana ba ka makonni ka gyara. Na yawan haske kwanaki kaɗan yake bayarwa.

Yanzu ga inda Damagaram ta rabu da garuruwan da ake rubuta shawarwarin kiwon nan a cikinsu. Murjani ruwa mai digiri 24 zuwa 27 yake so. Mai kiwo a Jamus ko Kanada hita yake saya, zafin fitila ma taimakonsa yake. Mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa kanta takan haura 40, ɗakin siminti mai rufin kwano ya riƙe zafin har tsakar dare. Ana yawan cewa LED ba ta zafi. Ta dai fi waɗanda ta gada sauƙi, wato manyan ƙwayaye masu wat 250 da 400 da aka yi yayi kafin zuwanta, masu gasa ruwa kamar murhu. Amma wajen rabin wutar da LED ta sha ko fiye a jikinta take zama zafi, hasken da ya shiga ruwa shi ma zafi yake komawa a ƙarshe. Duk wat ɗin da ka ƙara ba bisa buƙata ba, sau biyu za ka biya shi: wajen kunnawa da wajen sanyayawa. Ƙaramin akwati ya fi shan wahala, domin lita ɗari ba ta da jikin da za ta shanye zafi ba tare da ta motsa ba.

Dabarar farko tsohuwa ce a wurinmu, ita ce ta randa. A bar saman akwati a buɗe, a sa ƙaramar fanka tana hura fuskar ruwa. Kowace lita ɗaya da ta tashi tururi tana tafiya da zafin da ya kai kashi biyu cikin uku na kilowat na awa guda. Busasshiyar iskarmu a nan ta zama alheri, fankar ta fi aiki a Damagaram fiye da yadda za ta yi a Kwatano. Sai dai ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Ruwan teku gram 35 na gishiri ne a kowace lita, kuma in an bar shi ya yi kauri murjani zai tsuke ko da fitila ta yi daidai. A akwatin ɗan yayata lita biyu zuwa uku ke tafiya a yini. Kullum sai an cika da ruwan daɗi tatacce, ba na gishiri ba, ba kuma na famfo kai tsaye ba, domin abin da ke narke a ruwan famfo ba ya tashi, taruwa yake yi yana ciyar da gansakuka.

Ba zan ɓoye ba, a tsakiyar bazara fanka kaɗai ba ta riƙe ruwa a 27 cikin ɗakin da ba shi da na'urar sanyi. Ko dai ɗakin ya samu sanyi, ko a sayi injin sanyaya ruwan akwati, wanda ya fi fitilar tsada ya kuma fi ta shan wuta. Jefa gorar ƙanƙara daga firiji dabarar ceton rai ce ta yini ɗaya, hawa da saukar zafi da take kawowa shi ma cuta ne. Wanda ba shi da halin ɗayan biyun, gara ya tsaya a kifin ruwan daɗi, karfasa ba ta taɓa yin fari don an ɗauke wuta ba. Da hunturu kuma labari ya juya, daren Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15, sai ga hitar da muka yi wa Bajamushe dariya a kanta ta zama tilas.

Wani abin da na daɗe ina juyawa shi ne lokacin kunna fitilar. Murjani bai san agogo ba. In ɗakin ba shi da haske sosai, duk awa takwas ɗin da ka zaɓa ita ce ranarsa, muddin ba ka canza ta kullum. Masu kiwo a ƙasashe masu zafi sukan mayar da ita dare don gudun haɗa zafin fitila da na rana. Amma ga mai sola, dare na batir ne. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 kilowat 1.2 na awa guda ne a takarda, in na ruwa ne rabi kawai ya kamata a sha, wato 0.6. Fitilar a buɗe duka, awa tara, 0.9 take so. Ta cinye batirin ita kaɗai, ba a yi maganar famfon juya ruwa ba. A yadda muka rage ta, wajen wat 40 take sha, awa takwas bai wuce 0.32 ba, wanda ya nuna rage haske ya warware matsala biyu a lokaci ɗaya. Duk da haka muka zaɓi safiya: daga shida da rabi zuwa biyu da rabi. Da sassafe ruwan ya fi sanyi, zuwa hantsi panno ya karɓi nauyi, fitila kuma ta mutu kafin la'asar, lokacin da bango ke gama ɗaukar zafi. Farashin wannan zaɓi shi ne in ya dawo daga aiki da yamma akwatin a duhu yake samunsa, abokai in sun zo kallo sai dai ranar hutu. Bai ji daɗin haka ba, ya dai haƙura.

Sai batun kuran, wato wutar lantarki. Wanda ya ga watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba sai an yi masa bayanin me ya sa ake tunanin ɗaukewar wuta kafin a sayi kaya ba. Abu uku ne a nan. Agogon kunnawa da kashewa mai faifai da ƴan haƙora da wutar bango yake juyawa, in an ɗauke awa uku shi ma ya tsaya awa uku, cikin mako guda ranar murjani ta koma tsakar dare. A sayi mai lambobi wanda ke da ɗan batirinsa a ciki. Sannan kafin a biya kuɗin fitila mai rimot ko mai allon latsawa, a saita ta, a zare soket, a mayar. Wasu in wuta ta dawo mantawa suke yi su tashi da cikakken ƙarfi, ka fita kasuwa ka bar ta a 30 ka dawo ka tarar da 100. A nan maɓallin murɗawa, duk da ƙauyancinsa, ya yi wa na zamani fintinkau, inda ka bar shi nan yake. Na uku shi ne wa za a fara ba batir in wuta ta yi nisan kiwo. Ba fitila ba ce. Murjani yakan jure kwana biyu ko uku a duhu, kamar yadda yake jure hadari a teku. Ruwan da ya daina motsi kuwa cikin awoyi iskar shaƙarsa ke ƙarewa, balle da zafi. Famfo da fanka su ne a gaba. A kuma sa regilatar tsakanin bango da fitila, domin dawowar wuta da ƙarfi ita ce ke kashe na'urar juya wutar tun kafin ƙwayoyin su yi ko rubu'in awa 50,000 da ake rubuta musu. A duba bayan fitilar ma a tabbatar tana karɓar bolt 220, don akwai waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka mai 110.

Ƙura da gishiri su ne masu ci a ɓoye. Fankar baƙin akwati zuƙar iska take yi, da hunturu kuma iskar rabinta gari ne. Da na buɗe tasa bayan wata biyu, fuka-fukan fankar sun yi kauri kamar an yaɓa musu laka, farantin alminiyon da ke ɗauke zafi ya yi bargo. Ƙwayar da ke aiki cikin zafi tana dusashewa da wuri, kuma da yake a jere aka haɗa su kamar carbi, in ɗaya ta yanke duk layinta ya mutu. Tsohon burushin haƙori da abin hura iska sau ɗaya a wata sun isa, a bazara da hunturu sau biyu. Feshin ruwan gishiri shi ma yana bushewa a fuskar fitila ya zama farin ɓawo, ya tare haske ya ci ƙarfe. A goge da tsumma mai laima, bayan an zare soket.

Abin da ban yarda a yi ciniki a kansa ba shi ne tsaron rai. Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta sosai, jikin fitilar ƙarfe ne, gidajenmu da yawa kuma waya biyu aka ja musu, babu ta ƙasa. Na kafa masa sandar ƙasa a bayan ɗaki, na sa abin yanke wuta mai jin ɗigar miliamfiya 30 a layin akwatin. Kowace waya na bar mata lanƙwasa a ƙasa da soket, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a ƙasa maimakon ya shiga rami. Ratayar kuma da sarƙa muka yi ta a jikin ƙarfen rufi, aka cire igiyar leda da ya ɗaura da farko.

Ga mai akwati irin wannan, santimita 60 da murjani mai laushi, baƙin akwati ma ya yi masa girma. Ƙaramar fitila mai wat 30 zuwa 50 na gaskiya, mai rinjayen shuɗi, wadda ake iya ragewa, da jikin alminiyon mai nauyi a hannu, ta wadatar, in ma marar fanka ce ƙura ta rage abin ci. Wadda ba a iya rage ta kada a saya ko da kyauta ce. Masu ƙashin dutse a bar su tukuna. Suna son haske mai yawa da ruwan da ba ya canzawa, kuma duk suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobi da tsirran dawa tsakanin ƙasashe, tsallake iyaka da su sai da takarda.

Wata huɗu ke nan yanzu. Shuɗi yana 45, fari yana 15, a nan muka tsaya. Maɓallan da suka zo su tara ya ƙirga mini su goma sha shida, yana nunawa da tsinken tsire ta bayan gilashi. Wanda ya koɗe, rabinsa ya dawo da kore, rabin ya narke ya bar dutse tsirara. Maris ya kusa. Ɗaki ɗaya ne a gidan ke da na'urar sanyi, kuma na Yaya ne. Shekaranjiya ya rako ni bakin ƙofa yana murza hula a hannu.

"Kawu, ku da take jin maganarku, ko za ku taya ni yi mata bayani?"

Na ce ya fara auna faɗin ƙofar ɗakin nata, da nisan gadonta da soket.